Shugaban Meziko a Takardar Ƙosai

Ko da zan manta komai na zamana a Makka, ban da ranar da shugaban ƙasar Meziko ya kusa raba ni da igama, wato takardar izinin zama.

A shekarun alif ɗari tara da sittin ne. Ina zaune a unguwar Mansur, sana'ata ɗinka littattafai da yi musu bango, matata kuma tana suyar ƙosai a ƙofar gida. Shekara tara ina Makka ba takardar zama, in na hango ɗan sanda sai na canza lungu. Akwai wani malamin makaranta, jikan Hausawa haifaffen nan, muna kiransa Ustaz. Shi ya yi alkawarin tsaya mini in samu igama. Ana cikin haka ya kawo mini mujallun Larabci guda goma sha biyu, ya ce in haɗa su littafi ɗaya.

Na warware su, na jera a kan tabarma, na tafi unguwar Jarwal sayen fata. Da na dawo sai na ga shafi huɗu babu. Na tambayi matata, ta ce takardar naɗi ce ta ƙare mata.

"Ai na duba, Malam," in ji ta. "Masu hoton wani mutum da kwat na zaɓa. Inda aka yi hoto ai ba za a sa sunan Allah ba."

Innalillahi! Ni da ma mai saurin hawa ne, na yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo. Muka bi masu sayen ƙosai gida-gida, muka samo shafi uku sharkaf da mai. Na huɗun akuya ta riga mu.

Nan zuciyata ta ce in ɗinke littafin haka, wa zai ƙirga? Matata ta ce, "Laifina ne, amma kada ka ɗora ƙarya a kai. Kai masa." Na harare ta, amma na kai.

Ustaz ya karɓi takardun, ya shinshina. Can sai ya tuntsire da dariya.

"Ya Alhaji, saboda shafukan nan kaɗai na kawo maka aikin! Su zan fara buɗewa."

Ya zaunar da ni ya ba ni labarin mai kwat ɗin, wani shugaban Meziko na zamanin da. Maraya ne, makiyayin tumaki a ƙauyen duwatsu. Yana shekara goma sha biyu ya taka da ƙafa zuwa birni wurin yayarsa mai aikatau, ko harshen mutanen birnin bai iya ba. Ya yi karatu ya zama lauya, ya zama gwamna. Aka kore shi daga ƙasa, ya yi zaman baƙunta yana naɗin taba don ya ci abinci. Ya dawo ya tsaya a kan cewa babban soja da talaka duk ɗaya ne a gaban alƙali, har ya zama shugaban ƙasa. Da Faransawa suka mamaye su suka naɗa musu sarki, sai ya riƙa yawo da gwamnatinsa a keken doki, bai miƙa wuya ba har suka fita.

"Ka san wa ya riƙe shi a birni, ya sa shi makaranta?" in ji Ustaz. "Mai ɗinkin littattafai irinka. Ma'alesh, ba komai, ɗinka su da mansu. Jibi mu je ofishin igama."

Na koma gida na ba matata haƙuri, ta ce in ajiye haƙurin in sayo mata takardar naɗi.

Igama ta fito bayan wata biyu. Har yau in na tuna sai in yi hamdala, don da na ɗinke littafin nan shiru, a shafin farko da zai buɗe zai gane irin mutumin da yake shirin tsaya wa. Tun daga ranar, in na yi ɓarna, da ƙafata nake kai ta wurin mai ita kafin ya gano da kansa.