Bargo a Kan Vibrafon

Shekara biyu na yi ina koyon vibrafon, abin kiɗa mai jerin ƙarafuna da ake bugawa da sanduna, a ɗakina na Rillieux-la-Pape kusa da Lyon, kullum da bargo a kan ƙarafunan don kada ƙara ta sa maƙwabta su yi ƙorafi. Wataƙila a nan hannuna ya koyi tsoro.

Da na ji wata ƙungiyar jazz a Paris tana neman makaɗi, sai na taso daga Lyon na je gwaji. Shugabansu dattijo ne ɗan Garwa. Ban cika minti guda ba ya tsayar da ni.

"Ɗana, kiɗa kake yi ko haƙuri kake ba ƙarfen?"

Da na yi shiru, ina jin da ya ƙyale ni. Amma na ba shi labarin bargon dalla-dalla. Ya tuɓe rigar sanyinsa ya shimfiɗa a kan ƙarafunan.

"Voilà, ka iso gida. Bismilla."

Mai ganga ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Na buga, kuma ban taɓa bugawa da kyau haka a gaban mutane ba. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya ɗauke rigarsa ya kakkaɓe.

"Maƙwabtanka sun yi sa'a. A kira na gaba."