Jinin da Ɗiyata Ta Sha Tun Tana Ciki

Jama'a, kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. Ba wayar ce ta lalace ba, jinya muka yi.

Bari in fara da abin kunyar, kafin ku ji a bakin surukata Inna. Ran da aka ce ana neman jini saboda cikin matata Rabi, ni na fara miƙa hannu, ina cika baki wai ɗan Jiratawa ba ya tsoron allura. Ko kumallo ban karya ba. Ina ganin jan abu ya biyo roba, sai farkawa na yi a ƙasa, Inna na yi mini fifita da mayafi.

Ta ce, "Tashi, Isa. Mai cikin ma ba ta faɗi ba."

Ashe jinin nawa ma shi ne mafarin rigimar. Na Rabi daban, ɗiyar ta ɗauko nawa, jikin uwa na cinye jinin ɗiya. A wata na shida motsi ya ragu. Eko, hoton ciki ke nan, a Maraɗi ya nuna ɗiyar ta fara kumbura, aka tura mu Yamai. Ragon layyata ya tafi a kuɗin mota da magani.

Lokotoro ya ce zai soka allura ta cikin uwa, ya zuba jini a cikin jaririya, jikinta ya shanye a hankali.

Na ce, "Dokta, a aji huɗu na bar lakwal. Wa aka fara yi wa wannan?"

Ya ce an daɗe ana gwadawa ga tumaki masu ciki.

Sai hankalina ya ɗan kwanta. Tunkiya ba ta taɓa cutata ba.

Rabi ta kwanta, ko ido ba ta ƙifta ba. Ni waje aka kora ni. Bayan nan sai jira, ko ɗiyar ta sha jinin ko ba ta sha ba. Ran da ta shuri tafin hannuna ta cikin uwarta, na shiga bayi na yi kukana.

Yau ga Hadiza nan tana rarrafe, tana jan gemuna. Alhamdu lillahi. Jarumtar uwarta ta gado.

Masu ciki, a duba rukunin jininku tun awon farko, akwai allurar kariya. Maza, a karya kafin a cika baki.

Jinin farko da aka zuba mata na wani ɗan Tibiri ne mai kabu-kabu a Yamai. Allah Ya saka masa. Ko kuɗin mai ya ƙi karɓa, ya ce ni ma in je in ba wani jini.

Ledar jini guda ake bina. Inna ta ce za ta raka ni, da mayafinta.