Fistan Babu Maiƙo

Tun asuba wata mata take turo ɗan babur ɗin yara mai ƙafa huɗu zuwa garejin Kambai a Kafanchan, zufa ta jiƙa mata ɗankwali. Da alama hayarsa ce ke ciyar da gidanta. Ta ce yana tashi, amma ɗan tudu ya gagare shi.

Kambai ya kwance injin, ya miƙo mata fistan, wato ƙarfen da ke kai da kawowa a cikin injin, duk ya karce.

"Mama, irin wannan sai an gauraya masa fetur da baƙin mai. Wa ke haɗa miki?"

"Yafet, ƙanena. Duk Asabar nake sayen baƙin man in ba shi, ya ce ya zuba."

Ta shafa ƙarfen, babu ko maiƙo. Ta zare makullin, ta ɗaure shi a bakin zaninta, ƙulli biyu.