Littafin Baƙin da Aka Ɗauke a Teburina

Da rubutun hannuna aka tsorata mutanen da suka amince da ni, kuma har yau ban yafe wa waɗanda suka yi hakan ba. Ko zan manta da komai na aikin nan, ba zan manta da Talatar da mutum uku suka shigo ofishinmu a Haɗeja ba.

Ku 'yan baya ba ku san farkona ba. Sai da na yaye ɗana na biyar na shiga ajin yaƙi da jahilci, na dage har na gama sakandare. Barista Lawan, lauya mai zaman kansa, ya ɗauke ni akawu. Aikina in karɓi baƙi, in rubuta su a littafi, in kai takardu kotu a buga musu hatimi. Mutanenmu na fadama kuwa, a ƙauye ɗaya sai ka samu Musa goma. Don haka ba na tsayawa a suna, sai in haɗa da laƙabi da sunan uba da kwatancen gida: Musa mai koma, ɗan Bukar, bayan injin casar shinkafa. Ina alfahari da hakan, don saƙonmu bai taɓa ɓata ba.

A shekarar, bayan ambaliya ta janye, wani tsohon malamin makaranta, Malam Garba, ya yi magana a waya ta bazu, ya ce an yanka gonakin fadamar ƙauyensu an ba manya. Aka kama shi, wai yana tunzura jama'a. Lauyoyi biyu suka ƙi shari'ar, Barista ya karɓa. Manoma tara suka zo, suka ce za su ba da shaida, biyu kuma za su tsaya masa beli. Beli shi ne mutum ya ɗauki alkawari gaban alƙali cewa wanda ake tuhuma ba zai gudu ba. In babu mai tsayawa, Malam Garba zai ci gaba da zama a gidan yari, ga shi da ciwon suga.

Ranar Talatar Barista yana kotu. Mutanen suka shigo ba sallama, ba kaki. Na ce, "Lafiya?" Babbansu ya ce, "Mama, daga sama aka aiko mu." Na ce, "Sama ta Allah ce. Ina takardar alƙali ta izinin bincike?" Ya yi dariya ya ce, "Ashe har ke ma lauya ce." Ba su taɓa fayil ko ɗaya ba. Littafina kawai ya ɗauka ya sa a hammata. Na riƙe, ya fizge har murfin ya yage. Na bi su bakin titi ina faɗa, masu adaidaita sahu suna kallo.

Ni a zatona wulaƙanci ne kawai. Ranar Alhamis sai ga Musa mai koma, ɗaya daga cikin shaidun, a ƙofa, ya ƙi zama. Ya ce, "Hajiya, me na yi miki?" Na ce, "Ni kuwa?" Ya ce, "Jiya mota ta tsaya ƙofar gidana. Ko tambaya ba su yi a ƙauye ba. Suka buɗe littafi suka karanta min sunana da na ubana, suka ce in na je kotu in yi sallama da iyalina tukuna. Ke kaɗai na gaya wa gidana."

Kafin la'asar bakwai cikin tara sun aiko ba za su zo ba, masu belin ma sun janye. Mai gidan da muke haya ya kira Barista ya ce mu nemi wani wuri, an ja masa kunne.

Abin da na gane a ranar, ku riƙe shi: ba sai an ɗaure lauya ake karya shi ba. Sai a bi duk wanda ya taɓa shiga ofishinsa, har ya wayi gari shi kaɗai. Kuma duk abin da akawu ya rubuta amana ce, wuyan mutane ne a ciki.

Na tambayi Barista mafita. Ya ce sai an sanar da alƙali cewa ana tsorata shaidu, amma sai wanda ya ga ɗaukar littafin da idonsa ya yi rantsuwa a rubuce. Ya ce, "Yaya, ba zan sa ki ba. Kina da 'ya'ya, kuma sunanki zai shiga hannunsu." Na ce, "Su Musa ba su da 'ya'ya ne?"

Washegari Juma'a, kafin a buɗe kotu ina bakin ƙofa. Na rubuta abin da ya faru da hannuna, har da kamannin mutanen ukun. Magatakarda ya karanta, ya ɗago ya ce, "Hajiya, kin san abin da kike yi kuwa?" Na ce, "Miƙo Alƙur'anin, da alwalata."