Lasifikar Hagu

Duk unguwar Kunne ake ce masa, kuma ba da tsokana aka raɗa masa sunan ba. Ɗan mai gyaran rediyo ne, a gaban teburin ubansa ya tashi cikin ƙaurin dalma, daga nan ya wuce gidan rediyo ya yi shekara talatin da ɗaya bayan gilashi yana gyara muryoyin mutanen da suka fi shi suna amma ba su kai shi sanin aiki ba. An ce tun daga baranda yake gane wayar da ta soma lalacewa a cikin situdiyo. Matarsa, wadda kowa ke kira Tela saboda keken ɗinkinta, ta ji wannan labarin ya fi a ƙirga, kuma yawanci daga bakinsa ta ji shi.

Zama da mai irin wannan kunne ba ƙaramin aiki ba ne. Firij ya dame shi, fanka ta dame shi, in cokali ya taɓa kofi sai ya ɗago kai kamar an zage shi. 'Ya'yansu huɗu da sanɗa suka girma. Kekenta tun shekarar aurensu ta biyu aka kore shi zuwa baranda, can ta yi ɗinkinta cikin zafi da feshin ruwa. Ta haƙura, domin mutumin ba ya yawo, ba ya hana ta komai, kuma gaskiya ɗaya ce, ya iya aikinsa. In ya gyara murya sai ka ji kamar mai ita yana zaune kusa da kai.

Da ya yi ritaya sai mutane suka soma kawo masa tsofaffin kaset yana kwashe abin da ke ciki zuwa kwamfuta. Yana da doka ɗaya da yake karanta wa duk wanda ya shigo, ko ya tambaya ko bai tambaya ba: kafin ka taɓa sauti, ka ajiye ɗanyen kwafi. Wato a fara kwashe kaset ɗin yadda yake, da shuu ɗinsa da komai, a ɓoye shi wuri guda, sannan a yi gyara a kan wani kwafin. In gyara ya ɓaci, a koma ga ɗanyen. Wanda bai yin haka, in ji Kunne, ba ma'aikaci ba ne, mahauci ne.

Saboda wannan dokar ne Tela ta yarda ta ba shi kaset ɗin Inna.

Inna mahaifiyarta ce, ta rasu shekara ashirin da shida da suka wuce. Ba ta iya rubutu ba, don haka a shekarar da aka kai Tela gidan miji a gari mai nisa, ta sa wani maƙwabci ya ajiye mata rediyo a gaba ta yi magana ta minti arba'in. Faɗa ne rabinsa. Ki rage baki, ki daina barin tukunya a wuta kina hira, wa ya ce ki aiko min da zane mai tsada. A tsakiya akuya ta yi kuka, Inna ta zage ta, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ba hoto mai kyau, ba wasiƙa, wannan kaset ɗin kaɗai Tela ta mallaka. Sau ɗaya a shekara take saurarensa don kada zaren ya gaji.

Ta ba shi ranar da za ta tafi wajen babbar 'yarsu da ta haihu. Ta yi mako uku. Da ta dawo ya zaunar da ita yana murmushin wanda ya gama aiki, ya danna kwamfuta, wata mata ta soma magana. Kalmomin duk na Inna ne, har zagin akuyar, amma muryar siririya ce, mai kaifi, tana kaɗawa kamar daga cikin gwangwani. Inna kuwa muryarta kauri gare ta, daga ƙirji take fitowa. Tela ta ce wannan ba uwarta ba ce. Ya ce uwarta ce, sai dai ya wanke ta, ya ɗago siririn sautin da tsufan kaset ya danne, ya share shuu ɗin. Ta ce ya ba ta kaset ɗinta. Ya ce zaren ya yi fumfuna, a zagayen ƙarshe ya naɗe ya tsinke, ya jefar da shi kada ya ɓata masa na'ura.

Ranar ba ta yi girki ba. Abin da ya hana ta haɗa kayanta shi ne ɗanyen kwafi. Ta tambaye shi yana ina, ya ce ta kwantar da hankalinta, matsalar tsofaffin lasifikokinsa ne, sun gaji, su suke yi masa ƙarya. Da zarar ya samu lasifikar situdiyo ta gaske zai sake aikin daga tushe. Wata bakwai tana jin wannan magana. A cikin watannin nan gyararren da ya tura mata a waya take kunnawa, a baranda, a kicin, a bakin gado, tana lalube ko za ta tsinci Inna a wani lungu na muryar. In ta gama sai haushi ya kama ta.

Lasifikokin sun iso ranar wata Talata da hantsi, cikin kwalaye biyu. Baƙaƙe ne, masu nauyi, kowacce da amfilifayarta mai ƙara ƙarfin sauti a ciki da wayar wutarta daban. Kunne ya shafa su kamar jarirai. Kafin azahar ya rushe mata falo. Kabad ɗin kwanukanta ya koma lungu saboda gilashinsa yana karkarwa. Doguwar kujera ta bar inda take shekara goma sha biyar. Tebur ya matso tsakiya, domin wai in lasifika ta jingina da bango ƙugi yake yi mata yawa. Ya kwashe mata barguna biyu ya rataya a bango, ya yanka sabon soson katifar jikoki ya shimfiɗa a ƙarƙashin kowace lasifika don kada tebur ya riƙa rawa. Ba wanda ya tambaye ta.

Sai ya leƙo baranda ya ɗauke tef ɗin awonta daga wuyanta, tana tsakiyar auna hannun riga. Daga lasifikar dama zuwa ta hagu, inci hamsin. Daga kowacce zuwa inda kansa zai tsaya, inci hamsin, ba ƙari ba ragi. Ya karkato su suna kallon fuskarsa, ya tara littattafai a ƙarƙashinsu har ƙaramin idon sama, mai fitar da siririn sauti, ya zo daidai kunnensa. Ya ɗauki allin ɗinkinta ya zana wa ƙafafun kujerarsa wuri a ƙasa. Ya jona su da ɗan akwatin da ke tsakaninsu da kwamfuta, ya yi mata huɗuba cewa kwamfuta ake fara kunnawa, lasifika a ƙarshe, in za a kashe kuma a juya. Ita dai tana tsaye bakin ƙofa, hannu a ƙugu, tana jiran abu ɗaya.

Ya zauna, ya kunna wani kiɗa da ya sani tun yana saurayi, ya rufe ido. Ba a yi minti ɗaya ba ya buɗe. Lasifikar hagu, in ji shi, a toshe take. Ƙugi yana fita, siririn sauti babu. Ya sauya waya, haka. Ya sauya mazauninsu, ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama, har yanzu hagu a toshe. Duk yaron da ya yi wata guda a situdiyo ya san ma'anar wannan, wato laifin ba na lasifika ba ne, amma Kunne sai ya ɗora laifin a kan ɗan akwatin, daga nan kan kwamfuta, daga nan kan tagar da ke wannan gefen. Ya sa Tela ta rufe taga, ta kashe firij, ta daina numfashi da ƙarfi. Sannan ya kira wanda ya sayar masa, ya wanke shi tas a waya, ya ce an raina masa hankali, an ga ya tsufa an haɗa shi da kayan bola.

Mai shagon, Dogo, a hannun Kunne ya koyi aiki a gidan rediyo, yanzu shi ma furfura ta cika masa gemu. Ya zo da la'asar, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaida maigidansa, ya sha zagi kashi na biyu bai ɗago kai ba. Ya zauna a kujerar ya saurara. Ya fito da wani ɗan makirfon ya ajiye inda kan mutum yake, ya auna dama, ya auna hagu, ya daɗe yana kallon wayarsa. Sannan ya ce zai koma ya yi magana da waɗanda suka kawo kayan.

Tela ta bi shi har ƙofar gida, ta tare hanya. Ta ce masa ita ba yarinya ba ce, ya gaya mata abin da ya gani.

"Ranki ya daɗe, lafiyarsu ƙalau, duka biyun," in ji Dogo, idonsa a ƙasa. "Amma ni ba zan iya faɗa masa ba. Shi ya koya min riƙe waya."

Ta tambaye shi yadda mutum zai gane da kansa. Ya ce Kunne ya juya wa lasifikokin baya kawai. Ya saka takalminsa ya tafi da sauri.

Ashe ba lasifika ba ce, kunnensa ne. Ba mamaki ta ji ba, fushi ta ji. Shekara biyu yana cewa ta koma magana ciki-ciki. Ya yi faɗa da mai gyaran waya, ya ce masu karanta labarai na yanzu ba sa buɗe baki, ya ce kaset ɗin mutane duk sun dushe. Kowa a duniya ya lalace sai shi. Kuma da wannan kunnen ya zauna a kan muryar uwarta yana ƙara mata kaifi, yana kankare ta, har sai da ta yi masa daidai.

Ta koma falo. Yana durƙushe bayan tebur yana bin waya da yatsa.

"Malam, zo ka zauna. Juya kujerar, ka ba su baya."

Ya ce wane irin shirme ne wannan, ta san awa nawa ya yi yana awo? Ta ce ta sani, da tef ɗinta aka yi. Ta kama kujerar da kanta ta juya ta, ta tsaya tana kallonsa har ya zauna. Ta miƙa hannu ta danna kiɗan, ita da ba a taɓa bari ta taɓa kwamfutar ba.

Tana kallon ƙeyarsa. Ta ga ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Lasifikar da ya yini yana zagi ta dawo gefen damansa, kuma ga shi tana fitar da komai garau, wadda ya yini yana yabo ita ce ta toshe. Ya ɗaga hannu a hankali ya rufe kunnen dama, ya saurara, ya sauke. Kiɗan ya kai ƙarshe, bai motsa ba. Da wata rana ce da ta tausaya masa, domin ta san abin da aka ƙwace masa a kujerar nan. Yau ba ta da wurin ajiye tausayi.

"Ina ɗanyen kwafin?"

Ya soma bayani da wata murya da ba ta san shi da ita ba, cewa kwamfutar ta cika a lokacin, ga aikin mutane ya taru, kuma da ya saurari gyaran ya ji ya fita tsaf, babu abin da za a koma nema. Ba nata kaɗai ba, ya kai shekara yana goge su da zarar ya gama gyara.

"Na goge shi, Tela. Tun kafin ki dawo."

Wata bakwai ke nan ya san haka yana aika ta jiran lasifika. Ta dafa tebur, ta ce wani abu a hankali. A gefen hagunsa take tsaye. Ya juyo yana kallon bakinta, ya ce me ta ce.

Ta zagaya bayan kujerar, ta tsallake wayoyin, ta zo daidai kunnensa na dama, ta sunkuya don kada kalma ɗaya ta wuce shi.

"Cewa na yi, da ka faɗa min gaskiya ranar, da ban sake kunna abin nan ba. Wata bakwai ina sauraren matar da ka ƙera ina neman uwata a ciki. Jiya na kwanta na ce bari in tuna yadda Inna take kiran sunana, sai muryar gwangwaninka ta amsa min. Na yi, na yi, ta gaskiyar ta ƙi zuwa. Kaset ɗin ka jefar, Malam, na cikin kaina kuma ka sa na goge da hannuna."