Malam Tanimu da Koren Ruwansa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin karyawa da safen nan Binta ta kira ni, ta ce babanta Malam Tanimu ya cika.

Wallahi ban da baƙin ciki, haushi ma nake ji.

Tare muka koyar a wata sakandare a Bukuru, ƙarshen shekarun saba'in. Shi bayoloji, ni aikin ƙarfe. Na zo daga Haɗeja ko rigar sanyi babu. Ya gan ni ina karkarwa a asambili, ya tuɓe suwaitarsa ya miƙo min. Bai taɓa karɓar abarsa ba.

A bayan kicin ɗin makaranta ya haƙa wani rami mai faɗi, marar zurfi, ya karkato ruwan wanke-wanke ciki. Ya riƙa ɗauko kashin kaji a bayan babur yana zubawa. Ruwa ya koma kore shar. Ya ce ƙananan gansakuka ne da ido ba ya gani, ƙazantar suke ci suna yaɗuwa.

Na ce, "Malam, to sai me?"

Ya ce, "Sai wuta. Kai dai yi min walda."

Na haɗa masa durom da murfi da tiyo. Yana tace koren da ƙyalle, ya cakuɗa da kashin shanu, ya ɗura a durom ɗin, wai in ya ruɓe zai fitar da gas. Sanyin Jos ya hana abin tashi. Muka shafa wa durom baƙin fenti, muka naɗe shi da buhuna. Sai wata rana bayan la'asar ya ƙyasta ashana a bakin tiyon, wuta ta kama, shuɗiya, babu hayaƙi. Masu girki suka yi ta guɗa. Ruwan shayi muka dafa a kai, Malam yana dariya har da hawaye.

Burinsa a daina sayen itace a kicin ɗin nan, matan su huta da hayaƙi.

Sai firinsifal ya kira shi ofis. Wai manyan baƙi za su zo, kuma wurin yana wari. Ina tsaye ya ce masa, "Ƙasar da fetur ya yi mata yawa, kai kana wasa da kwata?"

Malam ya roƙa a ba shi zango ɗaya. Muka tafi hutu, muka dawo an cike ramin. Durom ɗin kuma an mayar da shi kwandon shara.

Ya yi ta yawo ofis-ofis a Jos, kowa sai ya ce, "Oga ba ya nan." Ɗalibai suka laƙaba masa Malam Kwata, yana amsawa da murmushi. Ni ke yi masa fushin.

Yanzu ga shi kowa biofuel, biofuel a bakinsa, wato makamashin da ake samu daga tsirrai da ƙazanta, ana taro a otal ana ɗaukar hoto. Ko mutum ɗaya bai taka ya tambaye shi ba.

Bayan babbar Sallah na je gaishe shi a Daɗin Kowa. Binta na girki da itace a tsakar gida, gas ya fi ƙarfinsu. Hayaƙi na shigowa ɗakin, yana ta tari. Na tashi zan rufe ƙofa, ya riƙe min hannu.

"Bar shi, Malam Ado. Har yanzu kana iya riƙe abin walda?"

Na ce ido ya tafi. Ya ce, "To, shi ke nan."

Rabona da shi ke nan.

Ya Allah, mutane ba su saurare shi ba, Kai Ka san niyyarsa. Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka ba Binta da ƙannenta haƙuri.

Duk wanda ya karanta, kar ka danna like ka wuce. Ka kira sunansa, Tanimu, ka yi masa addu'a.