Akwatin Zaɓen Ƙofar Kaura

Jiya na shiga wata maɗaba'a, warin tawada ya tuno mini da tsohon editana, mai jan biro a bayan kunne.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki, ranar zaɓe, wani gidan rediyon ƙasar waje ya ce an sace akwati a Ƙofar Kaura. Ina sabon ɗan jarida, na kwafe labarin na kai masa. Matasan unguwa har sun fara taruwa da sanduna.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Mi ka gani da idonka?"

"Baba, a rediyo na ji."

"Wanda ke ƙetaren teku ya fi ka kusa da Ƙofar Kaura? Taso."

Muka tafi a ƙasa, yana jan ƙafar da ta lalace a tsare zamanin soja. Muka iske akwatin a kan benci, mata na layi cikin rana. Malamin zaɓe ne ya makara. Editan da kansa ya shaida wa matasan gaskiyar lamarin, suka watse.

Tun ranar ban rubuta abin da ban tabbatar ba, kuma ba zan fara ba. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sa in mutu a kan wannan tarbiyya.